Biza Ba Za Ta Fanshi Tuvalu Ba

Tun da Ostireliya ta ƙulla yarjejeniyar Falepili da Tuvalu a watan Nuwamban 2023 ake ta yi mata sambarka, saboda ta yarda mutum 280 su riƙa ƙaura zuwa ƙasarta duk shekara. Wai an samo wa tsibiran da teku ke ci magani: a kwashe mutanen kawai. Ban yarda ba, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji an kira wannan karamci.

A fara tambaya tukuna, daga ina ruwan yake zuwa? Ƙanƙarar da ke jibge a kan Girinland tana zubar da kimanin tan biliyan 270 cikin teku a shekara, ta Antaktika kuma wajen biliyan 150. Ruwan tekun kansa yana kumbura idan ya ɗumama. Daga 1900 zuwa yau teku ya hau kusan santimita 20, kuma saurin hawansa ya ninka tun 1993. Hayaƙin kwal da man fetur ne ya jawo haka, ga kuma Ostireliya a sahun gaba na masu sayar wa duniya kwal. A watan Satumban 2024, kafin yarjejeniyar ta cika shekara, gwamnatinta ta amince a faɗaɗa ma'adinan kwal uku. Wanda ya cinna wa gidanka wuta, ya ba ka tabarma a zaurensa alhali yana ci gaba da rura wutar, wace godiya yake jira?

Mutanen Tuvalu kusan dubu 11 ne, kuma tudu mafi tsayi a ƙasar bai kai mita biyar ba. Idan teku ya yi babban cikowa a Funafuti, babban birnin ƙasar, ruwa ba daga gaɓa kaɗai yake shigowa ba, ta ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa a tsakiyar unguwa. Gishiri ya shiga ramukan da suke shuka pulaka, wani ɗan'uwan gwaza da kakanninsu suka rayu a kansa, ganyen ya yi rawaya, saiwar ta ruɓe. Shi ya sa a 2021 ministan harkokin wajensu, Simon Kofe, ya tsaya cikin ruwa har gwiwa, sanye da kwat, ya aika wa taron yanayi na Glasgow jawabi.

Ban zargi waɗanda suka nemi bizar ba, uba dole ya nema wa 'ya'yansa tudun tsira. Amma jirgi ba ya ɗaukar kaburbura, ba ya ɗaukar gona. Kuma kyautar ma da sharaɗi: duk wata hulɗar tsaro da Tuvalu za ta ƙulla da wata ƙasa sai da amincewar Ostireliya.

A watan Yulin 2025, bayan fafutukar da ƙasar Vanuatu ta jagoranta, Kotun Duniya ta ce kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda ta saɓa ana iya neman diyya a hannunta. To, Ostireliya ta daina ba da lasisin haƙar kwal, ta biya kuɗin cike gaɓar Funafuti da ɗaga ta, sannan mu zauna mu yi maganar biza.