Ku daina ɗora wa tsautsayi laifin ƙafarku

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowane sakan. Direban da idonsa biyu, ba gyangyaɗi yake ba, ba ya amsa waya, yana buƙatar aƙalla sakan guda tsakanin hango akuya a kan kwalta da ɗora ƙafa a kan birki. Kafin birkin ya fara aiki ma, mita 28 sun tafi. Daga nan, idan kwalta busasshiya ce kuma tayoyi masu kyau ne, sai motar ta ƙara ja kimanin mita 56 kafin ta tsaya cak. Mita 84 ke nan. Wannan lissafi bai san Alhaji ba, bai san direban da ya yi shekara talatin a hanyar Kano zuwa Kaduna ba, kuma ba ya karɓar na goro.

Amma a je tasha a saurari hirar da ake yi bayan an kwaso gawarwaki. Tsautsayi ne. Kwana ne ya ƙare. Birki ne ya ƙi. Babu mai cewa ƙafar da ke kan totur ce ta yi kisan, domin mai ƙafar ɗan'uwa ne, kuma jiya-jiya ake yabonsa cewa yana da hannu. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Abin da na ƙi shi ne a mayar da ita bargon rufe ganganci, alhali malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali yana nufin ƙure maleji ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda masu tuƙi suka jahilci abu guda wanda a kansa rayuwar fasinja ta rataya: nisan birki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. A kilomita 50, birki zai tsayar da kai cikin mita 14 ko kusa da haka. A kilomita 100, mita 56. A kilomita 140, inda 'yan Sharon da Golf suke jin sun fara tuƙi, mita 110, ban da mita 39 da suka salwanta kafin ƙafa ta motsa.

Ga wanda ya fi wannan ban tsoro. Motoci biyu suna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a kan 100, ɗaya tana wuce ta a kan 140. Tirela ta mutu a gabansu, babu alama sai ganyen da yaron mota ya zuba a ƙasa. Direbobin biyu suka taka birki a wuri ɗaya, da ƙarfi ɗaya. Na farko ya tsaya dab da tirelar, da kyar ya sha. Na biyun, a daidai wannan wurin, saura gudun kilomita 98 a jikin motarsa. Da shi zai shige ƙarƙashinta. Shi a ransa arba'in kawai ya ƙara.

Me ya saya da wannan kasada? Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. A kan 100, awa biyu da minti 18. A kan 120, awa ɗaya da minti 55. Minti 23, waɗanda za su narke a shingen bincike ko wajen mai balangu. Mu fasinjoji ma ba mu da bakin magana. Mu ne muke yi wa direba mai natsuwa tsiya, "Malam, yau za mu kai kuwa?" Idan wani dattijo ya ce, "Direba, a yi a hankali, akwai iyali a motar nan," sai a yi masa kallon matsoraci.

Sai batun bel. Jikin da ke tafiya ba ya tsayawa da kansa sai wani abu ya tsayar da shi. Mota ta daki bango ta tsaya, kai kuwa ba ka tsaya ba: kana nan kana tafiya da gudun da take yi, har sai gilashi ko sitiyari ya tare ka. Karo a kan kilomita 50 kacal daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kan bene mai hawa uku. Uwar da ta rungume jariri mai kilo 10 a kujerar gaba tana ganin ta kare shi, alhali a irin wannan karo zai iya fizgar hannunta da ƙarfin kilo 200. Babu damtsen da zai riƙe shi. Tun 1959 kamfanin Volvo ya fara sa bel ɗin da muke da shi yau a motocinsa, amma namu direban sai ya hango jami'an kiyaye haɗurra zai jawo shi ya rataya a kafaɗa, ya wuce su ya sake. Matasan da ke zama a saman tirelar shanu zuwa Kudu kuwa, kowane birki mai ƙarfi umarni ne gare su su yi gaba.

Kada wani ya ce min wannan ilimin Bature ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya yi hasashen cewa abin da aka jefa zai ci gaba da tafiya idan babu abin da ya tare shi. Galileo ya auna motsi ya wallafa a 1638, Newton ya tsara dokokinsa a 1687. Abin yana cikin darasin fiziks na babbar sakandare. Matsalar ita ce yadda ake koyar da shi. Malami zai rubuta v² = u² + 2as a allo, yara su haddace domin jarrabawar WAEC, su fito da kiredit, su hau mashin su manne wa bayan tanka. Ba a taɓa fita da su fili an auna mita 56 da igiya an ce su taka ta da ƙafarsu ba. Kuɗin igiya nawa ne?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 100 ga ƙananan motoci a manyan tagwayen hanyoyi, 50 a cikin gari, kuma a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Dokoki masu kyau. To, duk Homar da ta wuce ka kamar walƙiya cike da mutane, ina na'urarta take? Shugabannin ƙungiyoyin direbobi suna iya sanin wanda bai biya kuɗin lodi ba a cikin motoci ɗari, don haka suna iya sanin wanda yake dawowa tasha da wuri fiye da kima, da wanda ya yi lodi a kan suɗaɗɗun tayoyi. Masu ba da lasisi kuma su tambayi kowane mai nema mita nawa motarsa ke buƙata ta tsaya a kan 100, su ƙara da cewa idan an yi ruwa fa. Wanda ya kasa amsawa ya koma gida a ƙafa.