Gajerun Sunayen Turanci a Bakin Bahaushe

Sau da yawa akan ji wasu 'yan boko suna yi wa mutanen karkara dariya don sun ce "En'e" ko "Di'o" alhali ba su san abin da haruffan suke nufi ba. Wannan dariya kuwa ba ta da tushe.

En'e dai haruffa biyu ne na Turanci, N da A, watau Hukumar Gargajiya ta zamanin Turawa. Di'o kuma D da O ne, Baturen mulki mai kula da yanki. Nefa, hukumar wutar lantarkin da aka kafa a 1972, an sake mata suna a 2005, amma har yau idan wuta ta dawo, Nefa yara suke ambata.

Su kansu Turawa haka suke yi. Kalmar "radar", wadda sojojin ruwan Amurka suka ƙaga a 1940, an haɗa ta ne daga haruffan farko na kalmomi masu nufin gano abu da auna nisansa ta hanyar rediyo. Yau Bature yakan faɗe ta bai tuna asalinta ba, ba kuwa wanda ya kira shi jahili.

Saboda haka En'e da Nefa sun zama Hausa. Abin da ya kamaci ɗaliban wannan sashe shi ne su tattara irin waɗannan kalmomi, su rubuta su bisa ƙa'idar Hausa, su bayyana asalinsu a ƙamus, tun dattawan da suka ga zamanin En'e suna da rai.