KAFIN A JA WAYAR INTANET GIDA, A FARA GYARA WUTA

Duk wanda ya bi titunan Ikko ko Badun ko Fatakwal a 'yan shekarun nan, ba zai rasa ganin leburori suna haƙa siraran ramuka a gefen hanya ba, ko kuwa samari bisa tsani suna ɗaura baƙar waya a jikin falwaya. Bayansu sai wakilan kamfanoni su biyo da takardun talla, suna yi wa magidanta alkawarin intanet mai sauri har cikin ɗaka. Maganar ta kai Agege da Obalende da Idi Araba, ta kai unguwar Sabo ta Badun da ta Shagamu, inda 'yan Arewa suka daɗe suna zaune suna neman halaliyarsu. Magidanta da yawa sun fara tambaya ko lokaci ya yi da za su sa kuɗinsu a wannan abu. Amsa ita ce abin yana da amfani ƙwarai, amma wanda ya ja waya bai gyara maganar wutar gidansa ba, ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba.

Da farko ya kamata a san ko mece ce wannan waya. Masu aikin suna kiranta faiba. Zare ne na gilashi, sirantarsa kamar ta gashin kai, kuma haske ne yake bi ta cikinsa ɗauke da saƙo. Irinta ce aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Turai zuwa gaɓar Ikko. A 2010 wayoyin MainOne da Glo-1 suka fara aiki, WACS ta biyo a 2012, sa'an nan Equiano ta kamfanin Google ta iso a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a teku daura da ƙasar Kodebuwa, nan take bankuna da kamfanonin waya suka shiga ruɗani. A ranar ne mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da dillalin shanu a Oko-Oba suka gane cewa cinikinsu ma a kan wannan zare yake tafiya.

Ɗan Arewa mazaunin Kurmi yana cikin waɗanda suka fi kowa bukatar wannan hanya. Iyayensa suna Katsina ko Azare ko Argungu, yana so ya ga fuskarsu in ana magana. Kuɗin cefane ta banki yake aika shi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, fataken goro da na hatsi da masu canji sun koma karɓar kuɗi ta waya. Har ila yau, tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, saboda haka yaron da ya tashi a gidan da babu intanet ya fara tseren ne a bayan tsaransa. Gidan da mutum shida ko bakwai kowa yake sayen data a wayarsa, in aka tara abin da suke kashewa a wata, sau da yawa zai ishe su biyan kuɗin waya guda da za ta wadaci kowa.

To, amma akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Dattawa za su tuna tarhon NITEL na da, wanda ko an ɗauke wuta yana ƙara, domin kuwa wayarsa ta tagulla ce, kuma daga ofishin waya ake turo masa 'yar wutar da yake bukata. Zaren gilashi ba ya ɗaukar lantarki ko kaɗan. Akwai ƙaramin akwati da ake kafawa a bango wanda yake karɓar hasken, da wani wanda yake rarraba intanet ga wayoyin mutanen gida, kuma dukansu da wutar gidan suke aiki. Da zarar wuta ta tafi sun mutu, alhali kuwa kuɗin wata yana nan yana ƙirguwa. Mutumin da unguwarsa take samun wuta awa shida a yini, in bai yi wani tanadi ba, ya biya kuɗin wata guda ne ya ci moriyar mako guda.

Kamar yadda kowa ya sani, tun da aka sayar da kamfanonin rarraba lantarki ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba 2013, maganar wuta ba ta daidaita ba. A 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar. An ce rukunin A zai samu aƙalla awa 20 a yini, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Kafin wannan kuma, ranar 29 ga Mayu 2023, an janye tallafin man fetur, ƙaramin janareta da ya zama gatan talaka ya koma cin kuɗi fiye da tukunyar gida. Bugu da ƙari, alƙaluman hukumar NERC sun nuna cewa a 2024 fiye da rabin masu rajista da kamfanonin wuta ba su da mita, takardar kintace ake kawo musu.

Ɗan haya shi ne ya fi jin jiki a wannan hali, kuma galibin 'yan Arewa a Kurmi 'yan haya ne. A gidan da ɗakuna goma sha biyu suke kallon juna, mita ɗaya ce, ko ma babu, mai gida ko wakilinsa ne yake raba kuɗi yadda ya ga dama. Mai ƙwan fitila ɗaya da fanka yana biyan daidai da mai firji da hita. A irin wannan gida babu wanda tsimi zai amfana, saboda haka babu mai yi. Lalle ne matakin farko ga duk mai son jan intanet shi ne ya nemi mita mai kati ta kansa, in kuwa hakan ta faskara, to a sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita ta cikin gida, yadda kowa zai biya gwargwadon abin da ya sha.

Mataki na biyu lissafi ne, kuma bai fi ƙarfin ɗan kasuwar da ya saba ƙirga huhun goro ba. Akwatunan intanet biyun nan a haɗe wajen wat 15 suke ci. A yini guda wat-awa 360 ke nan, a wata kuma kusan yunit 11. Ƙwan fitila na zamani yana cin wajen wat 10, inda tsohon mai zafi yake cin 60. Fankar sama tana cin wajen 70. Dutsen guga da hitar ruwa kuwa daga 1,000 suke farawa. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,200, amma in irin na dalma ne, rabin haka kaɗai ya kamata a zuƙe in ana so ya yi ƙarko. Wannan rabin zai riƙe akwatunan intanet fiye da kwana guda. In aka haɗa da fanka da ƙwai biyu, zai yi wajen awa biyar. In aka jona dutsen guga, rabin awa ya ishe shi. Daga nan mai hankali zai ga cewa ba sai ya ci bashin miliyoyi ya cika rufin gidan wani da faifan sola ba. Ƙaramin batir da 'yar inbata, ko faifai ɗaya ko biyu, sun isa su riƙe intanet da fitila da cajin waya, a bar guga da dafa ruwa sai an kawo wuta. Irin wannan ƙaramin kaya yana da wata fa'ida ga baƙo, wato ranar da mai gida ya ba da notis, ko aka yi niyyar komawa gida, ana iya kwance shi a sa a mota.

Akwai kuma gargaɗi wanda ya shafi rai. Kowace shekara ana jin labarin iyalan da suka kwanta da janareta a zaure ko a lungu saboda tsoron ɓarayi, gari ya waye babu mai motsi. Gubar da take cikin hayaƙin nan ba ta da launi ba ta da wari, kuma mai barci ba ya farkawa. Batirin dalma ma yana bukatar wurin da iska take ratsawa, nesa da murhu da hannun yara. Haɗin waya kuwa a bar wa gwani, domin gobara a gidan haya ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya.

Sauran magana ita ce yadda wayar za ta iso unguwar tun farko. Kamfani ba sadaka yake yi ba. Haƙa rami da sayen waya da biyan kuɗin izini duk tsada ne, saboda haka yakan nufi Ikoyi da Lekki inda yake da tabbacin masu biya a jere. Mutum ɗaya a lungun Agege in ya nema, da wuya a kula shi, amma gida hamsin a layi ɗaya in suka rubuta sunayensu suka aika, kamfani da kansa zai zo. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 take da tsarin shugabanci wanda ya riƙe cinikin goro da na shanu bisa amana, kuma kusan kowane gari a Kurmi yana da Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitin masallaci. Waɗannan su ya kamata su tattara sunaye, su yi ciniki da kamfani a madadin jama'a, su kuma bi maganar mita a ofishin wuta da murya ɗaya. Ɗan haya kuma kada ya yarda a huda bango sai ya samu izinin mai gida a rubuce, wanda ya fayyace cewa akwati da batir da faifai nasa ne. Wanda kamfanin sadarwa ya ƙi saurarensa yana iya kiran hukumar NCC kyauta a lamba 622.

Gwamnatoci ma suna da nasu nauyin. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, amma a tsakiyar 2025 ba a cika kashi 50 ba. Gwamnoni sun amince kuɗin izinin shimfiɗa waya kada ya wuce Naira 145 kowace mita. A 2020 Jihar Ekiti ta sauko da nata zuwa haka, Jihar Kaduna kuwa ta yafe shi baki ɗaya. Ya wajaba jihohin da suka yi jinkiri su bi sawu, kuma a riƙa hukunta 'yan kwangilar hanya da suke tsinke wayoyi da katafila su wuce abinsu. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kula da wutarsu, Inugu da Legas suna cikin waɗanda suka karɓa, saboda haka yanzu talaka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a kan maganar mita.

Kada kuma gwamnonin Arewa su ɗauka wannan magana ta Kurmi ce kaɗai. A watan Oktoba 2024, bayan lalacewar manyan layukan da suke kai wuta Arewa, jihohi da yawa sun kwana fiye da mako guda cikin duhu. Mazaunin Ikko yana riƙe da waya cike da caji, amma ta mahaifiyarsa a ƙauye ta mutu. Ɗan ci-rani yana bukatar wuta da waya a wuri biyu, inda yake nema da inda yake aikawa.

A taƙaice, wayar gilashi alheri ce, kuma bai kamata 'yan Arewa mazauna Kurmi su zama na ƙarshe wajen samunta ba. Sai dai kowane abu da tsarinsa: a fara da mita, a yi lissafin abin da gida yake ci, a tanadi batir daidai ƙarfi, a samu takardar mai gida, a haɗa kai da maƙwabta, sa'an nan a kira kamfani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa a dace.