Waiwaye: Yadda Matan Tanbi Suka Bar Kawa ta Girma

Ɗan kawa zaɓi ɗaya gare shi a duniya. Yakan yi mako biyu zuwa uku yana yawo cikin ruwa, ido ba ya ganinsa don ƙanƙanta, sannan ya lalubi abu mai tauri ya manne. Inda ya manne nan zai ci, nan zai girma, ba tashi. A fadamar Tanbi da ke bakin Kogin Gambiya, daf da Banjul, masaukinsa shi ne saiwar mangurof, bishiyar nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri.

Mata ne ke sana'ar ɗibar kawa. In ruwa ya janye su shiga kwalekwale, su kutsa cikin laka da 'yar gatari, ɓawo na yanka musu hannu. A dafa, a ɓare, a sayar da gwangwani a bakin titi, ɓawon kuma a ƙona a yi farar ƙasa. To, da masu ɗiba suka yawaita, sai gaggawa ta shigo. Wata ta sare saiwar ɗungurungum ta tafi da ita, manya da ƙanana. An ci na bana, an kuma rushe masaukin 'ya'yan baɗi. Kawa ta riƙa ƙanƙancewa, tafiyar nemanta na ƙara nisa.

A 2007 Fatou Janha Mboob ta haɗa kan matan a ƙungiyar TRY, wadda ta kai mata kusan 500 daga ƙauyuka 15. Suka amince a rufe ɗiba wata takwas, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, a daina sare saiwa, ƙaramar kawa kuma a bar ta. A 2012 gwamnati ta damƙa musu ikon kawar Tanbi su kaɗai, suka kuma samu kyautar Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ni a ganina damƙa ikon nan shi ne ƙashin bayan lamarin. Ana yawan yaba haƙurin matan, kuma sun cancanta, amma wace uwa ce za ta bar kawa ta ƙosa alhali ta san gobe wata za ta riga ta? Sai da wurin ya zama nasu jira ya yi ma'ana. Kawa ta ƙara girma, kuɗin gwangwani ya tashi. Saura wata takwas ɗin da ba ciniki, wanda ƙungiyar ke cikewa da asusun ajiya da ƙananan rance.