BAƘUNTA A BIRNIN ADDIS ABABA



Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga babban masallacin Fagge, wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya tare mu a bakin ƙofa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya, amma kunya nake ji in yi ta a gaban jama'a." Muka koma gefe guda. Ya ce a kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Sin sarin kaya ya yada zango kwana biyu a Addis Ababa, babban birnin ƙasar Habasha. Da ya shiga masauki sai ya tambayi inda rana take fitowa, aka nuna masa, ya shimfiɗa dardumarsa ya yi ta salla. Sai ranar da zai tashi wani yaro Musulmi mai gyaran ɗaki ya gan shi, ya jira ya sallame, sa'an nan ya kama dardumar ya juya ta zuwa hagunsa, yana cewa, "Makka, Makka." Alhajin ya ce, "Malam, yaya matsayin sallolin nan nawa?"

Mun ba shi amsa a nan take, amma muka ga ya kamata mu kawo maganar cikin wannan fili, domin ba shi kaɗai ba ne. 'Yan kasuwar Kwari da na Singa da na Sabon Gari da yawa ta filin jirgin sama na Bole suke bi in za su Guangzhou ko Dubai, haka nan wasu masu zuwa Umra. Ma'aikatan gwamnati kuwa taro yake kai su, tun da a wannan birni ne aka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ran 25 ga Mayu, 1963, a gaban shugabanni irin su Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. A can ne kuma Janar Murtala Muhammad ya yi shahararren jawabinsa kan ƙasar Angola cikin watan Janairu na 1976, wata guda kafin a kashe shi. Har yanzu hedkwatar Tarayyar Afirka tana can.

Abu na farko da yake tarbar baƙo shi ne tudu. Kano ba ta kai mita 500 ba daga gaɓar teku, Jos da muke yi wa kirari da sanyi tana wajen mita 1,200, ita kuwa Addis Ababa tana wajen mita 2,350, watau ƙafa 7,700. Dutsen Entoto da ke arewa da ita ya haura mita 3,000. A irin wannan tudu iska ba ta da nauyi, saboda haka abin da mutum yake samu na oksijin a kowane numfashi yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu in an gwada da bakin teku. Shi ya sa za ka ga ƙato, wanda ya saba zaga Kwari tun safe har la'asar, ya hau bene hawa biyu yana haki kamar wanda aka koro. Wasu kansu ya yi ta ciwo, wasu barci ya ƙaurace musu a daren farko. Galibi jiki yakan saba bayan kwana biyu ko uku, in mutum ya rage gaggawa ya kuma yawaita shan ruwa. Amma mai ciwon zuciya, ko na huhu, ko mai cutar sikila, lalle ne ya ga likita tun yana Kano. Rai amana ne a hannun mai shi.

Ga kuma sanyi. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce mai ƙarfi, wani lokaci har da ƙanƙara, a watannin Nuwamba zuwa Janairu kuwa sanyin asuba yakan fi na hunturunmu. Wanda ya tafi cikin Ramalana ya sani Shari'a ta yi wa matafiyi rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya, ko da yake a mazhabarmu ta Imamu Malik yin azumin ya fi ga wanda zai iya. Sai dai ya yanke shawara tun da dare, domin wanda ya kwana da niyyar azumi a halin tafiya ba shi da ikon karya shi da rana don ganin dama, sai in rashin lafiya ya tilasta masa.

Abu na biyu shi ne agogo. Habasha tana gabanmu da awa biyu, lokacinta ɗaya da na Makka. Wannan mai sauƙi ne. Inda wahalar take shi ne, mutanen gari daga wayewar gari suke fara ƙirga awoyi. Ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne, tsakar rana ƙarfe shida ce, takwas na dare kuma ƙarfe biyu. To, in direba ya ce zai zo ya kai ka filin jirgi da ƙarfe biyu, sai ka tambaye shi, biyun gari ko biyun tikiti? Tsofaffin alhazai ba za su yi mamaki ba, gama har cikin shekarun 1960 a Makka da Madina ana daidaita agogo a kan sha biyu ne da faɗuwar rana. Shekararsu ma daban take. Wata goma sha uku gare ta, goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, na ƙarshe mai kwana biyar ko shida, kuma tana bayan ta Turawa da shekara bakwai ko takwas. Sai cikin Satumba na 2007 suka shiga shekararsu ta 2000. Mai karɓar rasit ko takardar yarjejeniya ya duba da wace shekara aka rubuta.

Abu na uku shi ne abin da ya sami Alhajinmu. Mu Hausawa mun saba kiran alƙibla gabas, har mukan ce wane ya dubi gabas in muna nufin ya yi salla. Ko a Kano ma ba gabas sak ba ce, tana karkata arewa. A Addis Ababa kuwa Makka tana arewa ne, da 'yar karkata gabas da ba ta wuce digiri biyar ba. Wanda ya fuskanci mafitar rana a can ya bar Ka'aba a kafaɗarsa ta hagu. Hukunci a wurin malamanmu shi ne, wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure, sa'an nan ya gane bayan ya sallame, an so ya sake matuƙar lokacin sallar bai fita ba. In kuwa yana cikin sallar ya gane ya kauce da yawa, sai ya yanke ya sake tayarwa. Shi Alhajin mun ce ya rama don fita daga shakka, saboda yana da halin tambayar alƙibla sai ya tambayi gabas.

Game da ƙasaru, tafiyar da ta kai mil 48 ana yin sallolin raka'a huɗu bibbiyu. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, kamar ma'aikacin da ya je taron mako guda, sai ya cika tun daga saukarsa. In matafiyi ya bi liman mazaunin gari, ya cika tare da shi. Musulmin Habasha, waɗanda ƙidayar 2007 ta nuna sun kai kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar, akasarinsu mabiya Imamu Shafi'i ne. Kada ka ji liman ya bayyana Bisimilla a Fatiha, ko ya yi ƙunutin Asuba bayan ruku'u, ka ce sallarsa ta ɓaci.

Abu na huɗu shi ne abinci. Tuwonsu shi ne injera, wata faffaɗar waina mai tsami da ake yi da ƙwayar tef, wadda ta yi kama da acca wajen ƙanƙanta. Mahautan Musulmi daban, na Kirista daban, kuma sau da yawa za ka ga alamar jinjirin wata ko ta gicciye a bakin shago. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, amma tun da an rarrabe maka, nemi na Musulmi ka huta da waswasi. A kula da tej, wadda giyar zuma ce rawaya mai kama da ruwan lemo. A kula kuma da ganyen da suke taunawa, wanda Larabawan Yaman suke kira ƙat. A can ana sayar da shi a fili, amma a Nijeriya da Sa'udiyya wanda aka kama da shi ya shiga hannun hukuma. Kada wani ya ba ka ƙunshi ya ce ganyen shayi ne ka kai wa ɗan'uwansa.

Duk waɗannan abubuwa huɗu maganinsu ɗaya ne, watau tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. To, amma akwai abin da ya fi su girma, wanda yawancin matafiyanmu suke wucewa ba su tuna ba. Ƙasar nan ita ce masaukin hijira ta farko a Musulunci. A shekara ta biyar bayan aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wajen 615 Miladiyya, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, sai ya umarci sahabbai su tafi Habasha, ya shaida musu cewa akwai sarki a can wanda ba a zaluntar kowa a gabansa. Cikin ayarin farko har da Sayyadina Usmanu ɗan Affan da matarsa Nana Ruƙayya. Ayari na biyu ya haura mutum tamanin. Ba a Addis Ababa suka sauka ba, gama ita sai a 1886 Sarki Menelik na Biyu da matarsa Taitu suka kafa ta. Daular Aksum da ke arewacin ƙasar suka nufa, kuma a garin Negash na lardin Tigray ne ake ziyartar masallacin da ake dangantawa da su, wanda yaƙin da ya ɓarke a 2020 ya yi wa ɓarna.

Sarkin nan, Najjashi As'hama, Kirista ne a lokacin. Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a da kyautar jemammun fatu, suka fara da fadawa, don a miƙa musu 'yan gudun hijirar ba tare da an saurare su ba. Sarki ya ƙi, ya ce sai ya ji ta bakinsu. Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya yi bayani, ya karanta farkon Suratu Maryam, sarki ya yi kuka. Washegari Amru ya sake dabara, ya ce a tambaye su abin da suke faɗi game da Annabi Isa. Ja'afaru bai ɓoye aƙidarsa ba don tsoro, bai kuma zagi ta mai masaukinsa ba. Sarki ya mayar wa Ƙuraishawa kyautarsu, ya ba Musulmi aminci. Nana Ummu Salama, wadda ta ba da labarin, ta ce da wani ya yi wa Najjashi tawaye, sahabbai addu'ar nasara suka yi ta yi masa, har Zubairu ɗan Awwam ya hura salka ya haye kogi da ita don ya gano musu yadda yaƙin zai kaya. Ja'afaru bai koma ba sai shekara ta bakwai bayan Hijira, lokacin buɗe Haibara. Najjashi ya musulunta, da ya rasu a shekara ta tara Manzon Allah ya sallace shi daga Madina.

Wanda ya shiga kasuwar Merkato a yau zai tarar da Masallacin Anwar da majami'ar Raguel suna maƙwabtaka, masu salla da masu zuwa coci suna gogayyar kafaɗa a titi ɗaya. Ba mu ce ba a taɓa samun saɓani a Habasha ba, an samu, kuma Musulminta sun daɗe suna fama kafin a daidaita musu wasu haƙƙoƙi. Amma mutumin Fagge da ya tsaya a wurin ba zai rasa tuna gida ba.

Ita Fagge da ma zangon baƙi ce. A bayan ganuwa take, nan ayarin Azbinawa yake sauke gishiri tun kafin zuwan Turawa a 1903, daga baya Kwarori suka kafa kantunansu a Kwari. Sabon Gari kuwa an yanka ta ne wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, don saukar da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Yau ƙaramar hukuma ɗaya ta haɗa unguwannin biyu, ciniki ya haɗa su, bashi ya haɗa su. Duk da haka a cikin Mayu na 1953 an yi tarzoma tsakaninsu, mutum fiye da 30 suka hallaka, kuma an sake ganin irin wannan baƙar rana a Oktoba na 1991. Waɗanda aka kashe galibi talakawa ne masu neman abinci, daga kowane ɓangare.

Saboda haka muke cewa, ya kai ɗan'uwa da ka ɗanɗani baƙunta a kan tudun Habasha, ka yi haki a matakala, ka kasa karanta rubutun da ke jikin mota, ka rasa alƙibla har sai da yaro mai shara ya nuna maka, ka riƙe wannan a zuciyarka in ka dawo. Mutumin da yake sayar maka da kayan gyaran mota a Titin Faransa, ko wanda ya zo ofishinka da takarda bai iya Hausa ba, yana da haƙƙin maƙwabci da haƙƙin amana a kanka. Kada ka ƙara masa kuɗi don ba ya jin ciniki, kada ka danne fayil ɗinsa don sunansa, in kuma fitina ta taso, ƙofarka ta zama wurin tsiransa. Sarkin da ba Musulmi ba ya yi wa sahabbai haka, har Annabi ya yabe shi da adalci. Abin kunya ne a ce mu da muke karanta labarinsa a zauruka mun gaza yin irinsa ga wanda ya amince ya zauna a garinmu.

Shi Alhajin ya rama sallolinsa, ya kuma ce in ya koma zai nemi yaron nan ya yi masa alheri. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.