MU DUBA KEWAYENMU: Dinya da Baƙin Hunturu

A watan Janairu na kwana biyu a ƙasar Kebbe, kusa da Gulbin Zamfara. Da asuba wani yaro na gidan da na sauka ya raka ni bakin fadama. Hazo bai gama washewa ba, sai ga tsuntsaye sun tashi tamkar hayaƙi. Na tambaye shi sunayensu. Ya ce, "Baba, ai duka dinya ne." Haka yawancinmu mu ke. In tsuntsu ya sauka a ruwa, ko dai dinya ko agwagwa, shi ke nan. To, yau bari mu ɗan rarrabe su.

Dinya ta ainihi ba ta ɓuya. Duk cikin dangin agwagi na Afirka ba wadda ta kai ta girma, babban namiji ya kan kai kilo 6. Bayanta baƙi ne, cikinta fari, baki da fuska ja-ja, ƙafafu dogaye. A gwiwar kowane fiffike tana da ƙaya mai tsini wadda ta ke faɗa da ita. Akwai wata mai kama da ita, amma ba ta kai ta ba: kanta da wuyanta fari da ɗigo-ɗigon baƙi, namijin kuwa yana da tozo a bisa baki. Ta uku ruwan ƙasa ce, da wani tabo mai duhu kewaye da ido kamar ta rambaɗa kwalli. Ƙaramarsu duka ba ta fi tattabara da yawa ba. Fuskarta fara, bayanta kore, haƙarƙarinta ruwan goro. Sai a tafki mai bado a ke ganinta, domin 'ya'yan bado ta ke ci. Wanda ya gan ta ya yi sa'a. Kirinjijiya kuwa, mai farar fuska, tun kafin ka gan ta za ka ji fitonta da dare.

Waɗannan duka 'yan gida ne, a Afirka su ke ƙyanƙyashewa. Dinyoyin Turai ba su kan ƙetaro hamada zuwa wajenmu ba. Amma akwai baƙi na gaske. Daga Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da shamuwa ke barinmu ta nufi kudancin Afirka, sai wasu agwagi su taso daga Turai da Rasha, gudun ƙanƙara. Ɗaya ƙarama ce, nauyinta bai kai rabin kilo ba, amma ta kan yi tafiyar da ta fi kilomita 4,000. Wajen Fabrairu namijin ya kan fitar da farin layi daga ido zuwa ƙeya. Wata kuma dogon wuya gare ta da wutsiya mai tsini. Wajen Maris ko Afrilu sai su koma.

Yaya aka san haka? A shekara ta 1822 aka harbi wata babbar shamuwa fara a ƙasar Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta ƙetare hamada da teku. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmak, Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Saboda haka in ɗanka ya tsinci tsuntsu da zobe, kada a tsorata, ba sammu ba ne. A rubuta lambar, da ranar, da wurin, a aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos.

Ga yadda za ku yi kallon. Ku fita da sassafe ko da la'asar sakaliya. Rana ta kasance a bayanku. Kada a sa fararen tufafi, kada a yi surutu. Ku duba abu huɗu: girma, launin fuska, kamannin baki, da kuka. A ba yaro littafin rubutu ya riƙa zanawa. Mutanen Tambuwal suna da tafkin Romo kusa, na Kebbe kuwa fadamun gulbi sun ishe su.

Amma akwai abin da ke damuna. Tambayi kowane tsoho, zai gaya maka da can gauraka na rawa a fadamunmu. Yaran yanzu galibi ba su taɓa ganinta a daji ba. Kamu don kiwo a gidajen masu hali, da bushewar fadamu, sun kusa ƙarar da ita a Nijeriya. Na sani dinya na ɓarna a gonar shinkafa, manomi kuwa yana da iyali. A kore ta da gwangwani da mutum-mutumi. Amma zuba maganin ƙwari a hatsi don a kashe tsuntsaye mugun abu ne. Gubar ba ta zaɓe: ta kashe baƙo da ɗan gida, ta gangara cikin ruwa ga kifi, daga baya naman ya iso tukunyar wani.

Iyaye mata, ga naku. Kada ku karɓi mushen tsuntsu daga hannun yara, ko wanda aka kama yana layi. Tun 2006 murar tsuntsaye ta shigo ƙasarmu, ta kan kama kaji, wani lokaci har mutane. In an ga matattun tsuntsaye da yawa a bakin ruwa, a sanar da malamin dabbobi.

Kafin mu bar fadamar ran nan, yaron nan ya riga ya rarrabe iri biyar da kansa. Ku ma ku gwada, ku rubuto mana abin da kuka gani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.