Wane amfani ilimin jami'a yake yi wa al'umma?

Tambayar da ake yawan yi a duk lokacin da jami'o'i suka yaye dubban ɗalibai ita ce: ban da takardar digiri, me ɗalibin ya koya game da jama'ar da zai koma cikinsu?

A arewacin Ghana, Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa ta UDS da ke Tamale, wadda gwamnatin Jerry Rawlings ta kafa a 1992, ta nemi amsa wannan tambaya a aikace.

Jami'ar ta kasa shekarar karatu gida uku, ta keɓe zango na uku domin aiki a karkara. Ana haɗa ɗalibai daga fannoni daban-daban, a tura su ƙauyuka su yi makonni suna zaune tare da jama'a.

A can sukan tattara bayanai kan ruwan sha, da noma, da kiwon lafiya, da makarantu, sa'annan su zauna da mutanen gari a fitar da matsalolin da suka fi ci musu tuwo a ƙwarya. Ana kuma ba da maki a kan aikin, kamar kowane darasi.

Bambanci da Nijeriya

A Nijeriya kuwa, an ɗora mafi yawan wannan nauyi a kan shirin bautar ƙasa na NYSC, wanda Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973, shekaru uku bayan yaƙin basasa.

Sai dai bautar ƙasa tana zuwa ne bayan kammala karatu, a lokacin da jami'a ba ta da sauran iko a kan abin da ɗalibi zai koya. Ga kuma matsalar tsaro: kisan masu bautar ƙasa a jihar Bauchi a rikicin bayan zaɓen 2011 ya sanya iyaye da dama ɗari-ɗari da tura 'ya'yansu nesa.

Amma akwai dama. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta.

Ƙalubalen shi ne kuɗin sufuri, da masauki, da malaman da za su sa ido. Akwai kuma haɗarin rahotannin ɗalibai su ƙare a kan kanta, ƙauyawa su gaji da amsa tambayoyi ba su ga canji ba.

Saboda haka, ma'aunin nasarar irin wannan shiri shi ne abin da ya sauya a ƙauyen bayan ɗaliban sun tafi.